Lecce, Garin da Aka Yi wa Aiki Kamar Babbar Riga: Tambayoyi da Amsoshi ga Mai Niyyar Ziyara

Tun da na dawo daga kudancin Italiya, 'yan uwa da abokan arziki suke ta yi mini tambaya a kan garin Lecce, musamman ɗalibanmu da ke karatu a Turai da 'yan kasuwar da kan je Milan ko Napoli sarin kaya su samu rarar kwana biyu ko uku. Da na ga tambayoyin suna ta maimaituwa, sai na ce gara in tattara su wuri guda in amsa da abin da idona ya gani da wanda na karanta.

Ina ne Lecce, kuma yaya ake faɗin sunan?

Bahaushe ba zai sha wahala a nan ba. Yadda ka ga an rubuta, haka za ka karanta, kamar yadda Basakkwace yake cewa icce ko macce: Lecce. In ka dubi taswirar Italiya za ka ga ta yi kama da dogon takalmi. To, Lecce a diddigen takalmin take, a jihar Puliya, cikin yankin da ake kira Salento. Teku biyu ne suka sa ta a tsakiya: Adriyatik daga gabas, tafiyar kimanin kilomita 12, da Ioniya daga yamma, kimanin kilomita 30. Mazaunanta ba su kai dubu ɗari ba. Masu kallon ƙwallo sun san ƙungiyar garin mai riga ja da ruwan ɗorawa, wadda Patrick Dorgu, ɗan asalin Najeriya, ya buga wa kafin ya koma Manchester United a 2025. A garin ne kuma aka haifi kocin ƙwallon nan Antonio Conte. Amma abin da ke kawo baƙi daga ko'ina a duniya shi ne tsohon birnin da gine-ginensa na salon baroko.

Mene ne shi wannan baroko da ake ta magana?

Salon gini ne da ado wanda ya ɓullo a birnin Rum wajen ƙarshen ƙarni na 16, ya bazu a ƙasashen Katolika. Tushensa rikicin addini ne. Bayan da Martin Luther ya ta da bore a 1517, Kiristocin Turai suka rabu, shugabannin Katolika sun yi babban taro a garin Trento daga 1545 zuwa 1563 don neman yadda za su riƙe mabiyansu. Ɗaya daga abin da ya biyo baya shi ne mayar da ginin coci wani irin wa'azi na ido: talakan da bai iya karatu ba ya shigo, ya ɗaga kai, abin da ya gani ya ratsa shi.

A Rum, maginan baroko bango suke lanƙwasawa, su ɗora manyan ƙubbobi, su yi wasa da haske da faɗin wuri. Na Lecce daban ne. Yawancin gine-ginen, in ka cire musu ado, tsarinsu mai sauƙi ne. Gwanintar duka a fuskar ginin take. Abin da ya fi kama da shi a wurinmu shi ne babbar riga: yankan ɗaya ne, amma aikin allurar da ke wuya da aljihu shi ke raba rigar basarake da ta kowa. Haka za ka ga bangon Lecce: furanni, nonon inabi, rumman a fashe, tsuntsaye, jarirai masu fukafukai, da ginshiƙai murɗaɗɗu kamar igiyar da aka tufka, duk an sassaƙo su daga dutse.

Me ya sa sai a wannan garin? Lokacin Lecce tana ƙarƙashin masarautar Napoli, wadda sarakunan Sifaniya ke mulki, kuma ita ce hedikwatar lardinta. Akwai kuɗin man zaitun. Akwai ƙungiyoyin 'yan zuhudu daban-daban, kowace tana son cocinta ya fi na maƙwabta. Sannan akwai wani bishop mai son gini, Luigi Pappacoda, wanda ya riƙe garin daga 1639 zuwa 1670. Uwa-uba kuma akwai dutsen.

Me ke ga dutsen?

In ka gane dutsen Lecce, ka gane rabin garin. Farin dutse ne mai ɗan ja-ja kamar zuma, wanda ya samo asali daga laka da kwanson ƙananan halittun da suka kwanta a ƙasan teku shekaru miliyoyi da suka wuce. Har yau ana haƙo shi a ƙauyukan Cursi da Melpignano, kudu da garin. Lokacin da aka fito da shi daga rami yana da laushi ƙwarai, ana yanka shi da zarto, a sassaƙa shi da kurfi kamar itace. Sai ya sha iska a hankali yake ƙara ƙarfi. Duk wanda ya taɓa ganin maginin gargajiya a Zariya ko Kano yana fitar da zanen dagi a bango tun yaɓen yana ɗanye ya san yadda hannu ke sakewa idan kayan aiki suna ba da haɗin kai.

Na shiga wani ɗan shago a wani lungu inda wani dattijo ke sassaƙa gidan fitila. Ya miƙo mini guntun dutsen da wani ƙaramin ƙarfe, ya yi mini alama in gwada. Ja ɗaya na yi, ƙura fara mai laushi kamar garin alkama ta zubo a tafin hannuna. Nan take na fahimci yadda aka yi ganyen da na gani a saman ƙofofi ya fito har da jijiyoyinsa.

Sai dai laushin nan shi ne kuma cutarsa. Dutsen yana shan ruwa. Danshi da iskar teku mai gishiri suna cin sa, har za ka ga wasu wurare sun yi ramuka kamar saƙar zuma, wasu fuskokin kuma hanci da baki sun shafe. Saboda haka kullum akwai ginin da aka kewaye da ƙarafa ana gyara. Don Allah in ka je kada ka riƙa goga hannu a jikin sassaƙar, ko yara su hau kai don hoto.

Daga ina ya kamata in fara zagayen?

Ni dai shawarata a shiga ta Ƙofar Napoli, wadda aka gina a 1548 don girmama sarki Charles na Biyar. Ɗaya ce daga ƙofofi uku da suka rage na tsohuwar ganuwa. Sauran su ne Rudiae da San Biagio. Daga nan ka bi titin Palmieri, shi zai kai ka dandalin Duomo, wato babban cocin garin. Ka fito ka kama titin Vittorio Emanuele zuwa dandalin Sant'Oronzo, sannan ka karya hagu zuwa cocin Santa Croce. In ba tsayawa, duk wannan bai fi tafiyar rabin awa a ƙasa ba. Amma wanda ya yi ta a rabin awa bai ga komai ba. Ado a Lecce sama yake. Ka riƙa ɗaga kai kana duban ƙarƙashin barandar gidaje, inda za ka ga dawaki da zakuna da fuskokin mutane suna tallafe da ita, da kusurwoyin gidaje inda aka kafa ginshiƙi ɗauke da tambarin zuri'ar masu gidan. Yawancin waɗannan ba a san sunan wanda ya sassaƙa su ba, kuma su suka fi taɓa mini zuciya.

In lokacina kaɗan ne, wane gini ɗaya ne bai kamata ya wuce ni ba?

Santa Croce, babu tantama. An fara shi a 1549, ba a kammala ba sai 1695, wato kusan shekara ɗari da hamsin, kuma hannu huɗu ne suka gaje shi ɗaya bayan ɗaya: Gabriele Riccardi ya yi ɓangaren ƙasa, Francesco Antonio Zimbalo ya yi ƙofofin a 1606, Cesare Penna da Giuseppe Zimbalo suka ƙarasa sama. Kana iya karanta wannan tarihin da idonka. Ƙasan ginin a natse yake, ginshiƙai shida da ado daidai gwargwado. Kana hawa sama da ido adon yana ƙaruwa, har ka isa babbar tagar nan mai siffar da'ira wadda aka kewaye da zobba na ganye da 'ya'yan itace da kawunan mala'iku irin na zanensu. Masu yi wa baƙi jagora kan nuna wata fuska mai dogon hanci da ke ɓoye cikin ganyayyakin gefen tagar, su ce ta Cesare Penna ce da kansa.

Titin da ke gaban ginin ba shi da faɗi, don haka ba ka hango shi daga nesa. Kwatsam za ka karyo kwana ka gan shi a kanka. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan la'asar. Da rana tsaka haske yana wanke komai, dutsen ya yi fari fat, ba ka iya raba ganye da fure. Amma in rana ta yi sanyi sai inuwa ta shiga kowane lungu na sassaƙar, dutsen ya koma launin zuma, abubuwan da ba ka lura da su ba su fara fitowa ɗaya bayan ɗaya. Na zauna a bakin wata ƙofa da ke fuskantarsa kusan awa guda, kuma har na tashi ina ganin sabon abu.

Ciki kuma fili ne da haske, da rufin katako mai ruwan zinariya. Ka nemi bagadin Waliyyi Francesco na Paola, aikin Francesco Antonio Zimbalo, inda aka ba da labarin rayuwar waliyyin a alluna goma sha biyu na dutse. Dogon ginin da ke manne da cocin, Palazzo dei Celestini, da gidan 'yan zuhudu ne. Yanzu ofisoshin gwamnatin lardi ne a ciki. Ka dubi yadda aka ƙawata kowace taga a jikinsa.

An ce akwai siffofin Turkawa a jikin cocin. Gaskiya ne?

Ƙarƙashin barandar da ta raba ƙasan ginin da samansa akwai jerin dabbobi da mutane durƙushe suna ɗauke da ita a kafaɗa. Masana da yawa suna fassara mutanen da cewa fursunonin Daular Usmaniyya ne da aka kama a yaƙin teku na Lepanto a 1571, dabbobin kuma alamun ƙasashen Kiristan da suka haɗa kai a yaƙin ne. Musulmi in ya tsaya a gaban wannan, dole ya ji wani abu a ransa, kuma ni ma na ji. Amma yana da kyau a san abin da ya faru kafin nan. A 1480 rundunar Usmaniyya ƙarƙashin Gedik Ahmed Pasha ta ci garin Otranto, kimanin kilomita 45 daga Lecce, aka kashe mazan garin wajen 800 bayan an ci shi. Har yau ƙasusuwansu suna nan a babban cocin Otranto. Tsoron da ya biyo baya ne ya sa aka sake gina ganuwar Lecce da katafaren sansaninta tsakanin 1539 da 1549, aka kuma jera hasumiyoyin tsaro a bakin teku. Kowane ɓangare ya sha wuya a hannun ɗaya a waɗannan ƙarnuka, aka kama bayi ta nan da ta can.

Akwai kuma wani tarihin a ƙarƙashin wurin. Unguwar da aka gina Santa Croce ta Yahudawa ce kafin a kore su daga masarautar Napoli a 1541. Akwai ɗan gidan tarihinsu dab da cocin, a ƙarƙashin ƙasa.

Dandalin Duomo fa, me ya bambanta shi?

Rufaffe ne. Mashiga ɗaya ce gare shi, 'yar siririya tsakanin ginshiƙai biyu, sai ka wuce ta fili ya buɗe maka kamar ka fito daga zaure ka shiga tsakar gidan sarki. Hayaniyar titi tana yankewa nan take. Babban cocin garin yana nan tun 1144, amma wanda ake gani yanzu Giuseppe Zimbalo ne ya sake gina shi tsakanin 1659 da 1670 bisa umarnin Pappacoda. Akwai wata dabara da aka yi: fuskar da ke tarbarka da dukan ado ba ita ce ainihin gaban cocin ba, gefensa ne. Gaban na gaskiya yana kallon wata kusurwa, kuma adonsa kaɗan ne. An ƙawata gefen ne saboda shi mai shigowa ke fara gani.

Hasumiyar ƙararrawa, wadda aka gina daga 1661 zuwa 1682, ta kai kimanin mita 70, hawa biyar, kowane hawa ya fi na ƙasansa siranta. Yanzu an sa na'urar hawa da ke kai mutum ɗaya daga benayenta, inda ake hango teku, in sararin sama ya washe sosai har duwatsun Albaniya. A ɗaya gefen akwai gidan bishop da makarantar horar da limaman coci, aikin Giuseppe Cino tsakanin 1694 da 1709. Ka shiga tsakar gidan makarantar ka ga rijiyar da ke tsakiya. Rijiya ce kawai ta ɗiban ruwa, amma an yi mata rawani na furanni da 'ya'yan itace kamar amarya. Ka zo dandalin sau biyu, da safe da kuma bayan isha'i lokacin da aka kunna fitilu.

Ashe akwai kayan tarihin Rumawa ma?

Akwai, a tsakiyar gari kuwa. A zamanin Rumawa sunan garin Lupiae. A 1901 ana haƙa harsashin ginin banki sai aka ci karo da filin wasan Rumawa mai kujerun dutse a zagaye, wanda aka ƙiyasta yana ɗaukar 'yan kallo har 25,000. Kusan kashi ɗaya cikin uku kawai aka tono. Sauran yana ƙarƙashin dandalin Sant'Oronzo da gidajen da ke kewaye. A 1929 kuma aka gano wani ƙaramin gidan wasan kwaikwayo na Rumawa a wani lungu kusa.

Dogon ginshiƙin da ke dandalin yana da labari. A 1656 annoba ta yi ɓarna a masarautar Napoli amma ta tsallake Lecce, mutanen garin suka danganta tsirarsu ga waliyyinsu Oronzo, suka kafa masa wannan ginshiƙi. Marmarar da aka yi shi da ita daga Brindisi aka kawo, ɓaraguzan ɗaya daga ginshiƙai biyu ne da ke alamta ƙarshen tsohuwar hanyar Rumawa ta Appia. A daɓen dandalin akwai tambarin garin, kyarkeci ƙarƙashin itace.

Wanda ke son ganin yadda zamani ya hau kan zamani ya leƙa gidan tarihi na Faggiano. Gidan wani mutum ne da ya fasa daɓe don gyaran bututun bahaya, sai ya yi ta cin karo da kaburbura da rumbunan hatsi da ɗakunan ƙarƙashin ƙasa na sama da shekara dubu biyu.

Ni Musulmi ne. Za a bar ni in shiga cocin?

Ba wanda zai tambaye ka addininka a ƙofa. Hukuncin shiga kuwa, wannan tsakaninka da malaminka ne, ba ni da hurumin ba da fatawa. Abin da zan iya cewa shi ne, wanda ya zaɓi tsayawa a waje bai yi asara mai yawa ba, domin mafi yawan baroko na Lecce a kan titi yake, kyauta. Wanda zai shiga kuma ya tuna wuraren ibadar mutane ne: a rufe kafaɗa da gwiwa, a rage murya, kada a yi yawo ko ɗaukar hoto lokacin da suke addu'a. Shigarmu ta Hausa ba ta da matsala ko kaɗan; mayafi da hijabi ba abin da za a ce. Maza su kan cire hula a cikin coci, haka al'adarsu take. 'Yan uwanmu Kiristoci da ke son halartar sujada ba sa biyan komai a lokacin ibada.

Ana biyan kuɗin shiga?

Ga masu yawon buɗe ido, e. Akwai tikiti ɗaya da ya haɗa Duomo, Santa Croce, Santa Chiara, San Matteo da gidan tarihin makarantar limamai. Ana sayar da shi a dandalin Duomo da kuma ta intanet. Na hasumiya daban ne.

Bayan Santa Croce da Duomo, waɗanne coci ne suka cancanci a tsaya?

San Matteo, wanda aka fara a 1667, ya ɗauko salon Rum sosai: ƙasan fuskarsa ya turo ciki waje, samansa ya lotsa ciki. Santa Chiara kuwa rufinta za ka duba. Za ka rantse katako ne, alhali takarda ce. Cocin Rosario, kusa da Ƙofar Rudiae, shi ne aikin ƙarshe na Giuseppe Zimbalo, wanda ya fara a 1691 yana tsoho, ya rasu bai ga kammaluwarsa ba, kuma ƙubbar da aka yi niyya ba a taɓa ɗora ta ba.

Wanda na fi so a zuciyata yana wajen ganuwa, cikin maƙabartar garin: Santi Niccolò e Cataldo. Tancredi, wanda daga baya ya zama sarkin Sisiliya, shi ya gina shi a 1180. A 1716 aka yi masa sabuwar fuska ta baroko amma aka bar tsohuwar ƙofar yadda take. Sassaƙar da ke kewaye da ƙofar, ganye ne da ke shiga cikin juna ba farko ba ƙarshe, wanda duk ya saba ganin adon gefen Alƙur'ani rubutun hannu zai ji kamar ya san shi. Ba kullum yake buɗe ba, sai ka tambayi lokacin kafin ka tafi.

Mene ne wannan aikin takarda da ake sayarwa a ko'ina?

Sunansa kartapesta, sana'ar da garin ya shahara da ita tun ƙarni na 17 zuwa na 18. Cocin da ba shi da kuɗin marmara ko tagulla sai ya sa a yi masa mutum-mutumi na takarda. Ana ɗaura ƙashin bayan da waya da tattaka, a naɗe da zare, a liƙa takarda falle-falle da ƙullun fulawa, ta bushe, sannan a gasa ƙarfe a wuta a bi jikin ana goge shi har tufafin su fito da ninki. Ƙaurin takardar da ake ƙonawa yakan kai har titi. Wanda ba ya son siffar mai rai yana iya sayen furanni ko 'yan kunne da aka yi da ita, ba su da nauyi a jaka.

Me zan ci ba tare da fargaba ba?

A nan sai an yi hattara. Abin da garin ya fi alfahari da shi, pasticciotto, wani ɗan kek ne mai madara da ƙwai a ciki, amma a gargajiyance da kitsen alade ake kwaɓa shi. Kalmar da za ka riƙe ita ce strutto. Ran da na fara zuwa, na nuna shi a wani shagon shayi, matar har ta ɗauko, sai na tambaye ta ko akwai strutto. Ta mayar da shi nan take, ta ba ni haƙuri, ta kawo mini alewar almon, wadda almon ne da sukari. Wasu shagunan suna yin na man shanu ko man zaitun, amma sai ka tambaya. Haka rustico, wani fanke mai cuku da tumatir, shi ma a tambaya. Ƙananan zobban biskit da ake kira taralli kuma sau da yawa da ruwan inabi mai sa maye ake kwaɓa su.

Sa'ar da aka yi ita ce abincin Salento na talakawan manoma ne, ganye da wake sun fi nama yawa. Ka nemi ciceri e tria, taliya ce da wani wake mai kama da gurjiya, an soya wani ɓangaren taliyar ta yi ƙus-ƙus. Ita kalmar tria daga Larabci ta fito, itriyya. Akwai fave e cicoria, markaɗaɗɗen wake da dafaffen ganye mai ɗan ɗaci da man zaitun. Akwai frisa, busasshen burodi da ake jiƙawa a zuba tumatir. Kifi kuma ba a magana. Nama dai, har na doki suna ci, kuma ba yankanmu ba ne. Mai son nama ya nemi shagunan halal da ke wajen tsohon birnin. Da zafi ka sha kofin garin, wanda ake zubawa kan ƙanƙara da zaƙin madarar almon.

Sallah fa?

Akwai Musulmi a garin, daga Maroko, Senegal, Bangladesh da sauransu, kuma suna da wuraren sallah a gine-gine na yau da kullum, ba hasumiya ba kiran sallah a lasifika. Mai shagon halal zai yi maka kwatance. Alƙibla kudu maso gabas take. A watan Yuni da Yuli magariba kan wuce ƙarfe takwas na dare, asuba kuma ta yi sammako sosai, don haka ka duba jadawalin garin, kada ka bi agogon da ka saba da shi a gida.

Wane lokaci ya fi kyau a je?

Afrilu zuwa farkon Yuni, ko Satumba da Oktoba. Yuli da Agusta akwai zafi da cunkoso da tsadar masauki. Kada ka ce ai mu 'yan rana ne. Iskar da suke kira shirokko daga Sahara take tasowa, amma tana tsallako teku ta kwaso danshi, ta iso da nauyi, gumi ba ya bushewa. Daga wajen ƙarfe ɗaya zuwa huɗu da rabi shaguna da yawa suna rufewa, gari ya yi tsit. Kai ma ka huta a lokacin. Da yamma ne kowa ke fitowa, tsofaffi da jikoki, ana takawa a hankali daga Sant'Oronzo zuwa Duomo a dawo. Bikin waliyyin garin 24 zuwa 26 ga Agusta ne, ana ƙawata tituna da manyan bakunan fitilu masu launi.

Yaya ake isa can?

Filin jirgin sama mafi kusa shi ne na Brindisi, kimanin kilomita 40, akwai bas kai tsaye. Na Bari ya kai kilomita 150. Jirgin ƙasa daga Rum yana ɗaukar awa biyar da wani abu, kuma daga tasha zuwa tsohon birni tafiyar minti goma zuwa sha biyar ce a ƙasa. In ka yi hayar mota, kada ka shiga da ita cikin tsohon birnin. Alamar ZTL na nufin an hana shiga sai masu izini, kyamara ce ke ɗaukar lamba, tarar kuma ta biyo ka bayan watanni. Mai fasfon Najeriya, Nijar, Gana, Kamaru, Chadi ko Sudan yana bukatar bizar Shengen da inshorar lafiyar da ta kai Yuro 30,000.

Kwana nawa ya isa, kuma ina zan leƙa a kusa?

Kwana biyu cikakku ga garin kansa, na uku ga kewaye. Otranto tana da daɓen coci da aka shimfiɗa da ƙananan duwatsu masu launi tsakanin 1163 da 1165, katon itace ne da ya mamaye ƙasan ginin duka, da giwaye a gindinsa. Galatina tana da cocin Santa Caterina mai zane daga ƙasa har rufi. Nardò baroko ce ita ma, ba cunkoso. Gallipoli kuma tsohon gari ne a kan tsibiri, inda za ka sauka ƙarƙashin ƙasa ka ga matatsun man zaitun da a da ake fitar da mansu zuwa biranen Turai don kunna fitilu. A hanya za ka ga gonakin zaitun sun bushe ƙurmus, itatuwa masu ɗaruruwan shekaru sun zama kututture. Wata ƙwayar cuta ce mai suna Xylella, wadda aka gano a yankin a 2013, ta kashe miliyoyinsu. Manoma sun fara dasa irin da ke jure mata, za ka hango ƙananan shukokin jere a tsakanin matattun. Ƙananan jiragen ƙasan yankin suna da jinkiri, ranar Lahadi kuma zirga-zirgarsu tana raguwa sosai, don haka ka sa fitar kewaye a ranar aiki.